Daga Tiga Zuwa Gashuwa: Hakkin Na Ƙasa a Wuyan Na Sama

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure, ya ɗauki Ishmawi ko Risala, ya san cewa tun a farkon babukan ibada malaman fiƙihu sukan tsaya su bayyana hukuncin ruwa, su ce ba a alwala ko wankan janaba sai da ruwa muɗlaƙi, watau wanda wani baƙon abu bai jirkita launinsa, ko ɗanɗanonsa, ko ƙanshinsa ba. Da za a ɗauki wannan ma'auni a bi rafukan birnin Kano da shi a yau, lalle da an tarar da abin da zai sa mai hankali ya yi tagumi.

Dubi Jakara, wadda ta ratsa tsohon birni, ta zama matattarar kwatoci da ruwan kwata da bola da ledoji, har ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da dagwalon masana'antun Bompai, su gangara tare zuwa madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. A kan gaɓar wannan baƙin ruwa masu lambu suke kafa injinsu da rani, suna ba latas da kabeji da alayyafo, waɗanda washegari za a kasa a kasuwa, a yanka su ɗanyu a kan shinkafa da wake. Ta kudu kuma kogin Challawa ne yake karɓar abin da masana'antun Sharaɗa da na Challawa suke zubarwa, musamman na jimar fata.

Jima dai tsohuwar sana'a ce a Kano, amma majeman dauri da toka da bagaruwa suke aiki, abubuwan da ƙasa takan cinye su in an kwana biyu. Jimar zamani kuwa da gishirin wani ƙarfe ake yin ta, mai suna kuromiyam, wanda ba ya ruɓewa, sai dai ya kwanta cikin taɓo, ya shiga jikin kifi da ganye, daga nan ya wuce cikin mutum, inda yawansa yake iya yin illa ga ƙoda da hanta. Babbar musibarsa ita ce, bayan kogi ya yi tafiya mai nisa, ruwan yakan washe, warin ya gushe, mai ɗiba ya ga kamar garau yake, alhali kuwa dafin yana nan, tafasawa ma ba ta raba shi da shi.

Bayan gurɓata akwai kuma sha'anin rabo. An gama madatsar Tiga a kan kogin Kano a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, sa'an nan ta Challawa a 1992, kuma babu mai musun alherin da suka kawo, domin da ruwan Tiga ne Kadawa da Kura suka zama ƙasar shinkafa da alkama da tumatir, da madatsun biyu ne kuma birni yake shan famfo. Sai dai kogin bai ƙare a Kano ba. Yakan wuce Wudil da Haɗeja, ya bazu cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru, ya sadu da kogin Jama'are wajen Gashuwa, su zama Komadugu Yobe mai faɗawa Tafkin Chadi. A da, ambaliyar damina takan cika fadamun nan, ta janye da kaka, ta bar wa manomi damshi, masunci kifi, makiyayi ɗanyar ciyawa. Da aka tare ruwan, ana sakinsa kaɗan-kaɗan rani da damina, sai ciyawar kacala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, wasu garuruwa suka yi ta fama da ambaliya, wasu da fari, tsuntsayen jan-baki kuma suka sami maɓoya cikinta suna far wa gero da shinkafa.

Maganin wannan al'amari sananne ne ga masana. Wajibi ne kowace masana'anta ta tace ruwanta kafin ta sake shi, tun da akwai dabarar tsamo kuromiyam daga dagwalon jima a sake amfani da shi, abin da yake rage wa mai masana'antar hasara. Wajibi ne hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tsaron dokokin muhalli, ta riƙa auna ruwan nan a kai a kai, ta hukunta mai laifi ba sani ba sabo. Haka nan Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ya kamata ta tsara sakin ruwa bisa shawarar mutanen Jigawa da Yobe da Borno, a kuma ci gaba da yashe hanyoyin da kacala ta cinye.

Jama'a ma suna da nasu kason, domin shari'a ta hana yin bawali a ruwa mai kwanciya, ta hana almubazzaranci da ruwa ko da wajen alwala ne, ta kuma haramta cutar da maƙwabci. Wanda ke zaune a ƙasan kogi maƙwabci ne, ko da tsakaninka da shi tafiyar kwanaki ce, kuma duk abin da ka zuba a kwata da dare, shi zai wayi gari yana sha. Ya dace limamai su riƙa faɗar haka a kan mumbari, masu unguwanni kuma su tsaya a kansa kamar yadda suke tsayawa kan rikicin iyakar gona.