Gyaran Sojan Rum: Tsakanin Tarihi da Wasan Kwamfuta

A shekarar 2004 wani kamfani na Ingila mai suna Creative Assembly ya fito da wasan kwamfuta na dabarun yaƙi da ake kira Rome: Total War. A cikinsa mai wasa yakan riƙe ragamar wani babban gida na Rumawa tun daga shekara ta 270 kafin haihuwar Annabi Isa, ya gina birane, ya tara haraji, ya aika da runduna. Ana cikin haka sai wata rana saƙo ya fito cewa an yi wa soja gyara, daga nan kuma sababbin mayaƙa su maye gurbin na da. Matasa da yawa a nan suka fara jin sunan Gayus Mariyus. To, shin haka abin ya faru?

A zamanin da, sojan Rum manomi ne mai abin hannunsa, wanda yakan sayi makamansa da kansa, ya koma gona in an gama yaƙi. Akan jera runduna sahu uku: samari a gaba, magidanta a tsakiya, ƙwararrun dattawa masu dogayen masu a baya. A shekara ta 107 aka zaɓi Mariyus kwansul, wato ɗaya daga cikin shugabanni biyu na shekara. Da ya tashi yaƙar Sarki Jugurta na Numidiya, ƙasar da yawancinta ke cikin Aljeriya ta yau, sai ya ɗauki talakawa marasa dukiya aikin soja, kamar yadda marubuci Salust ya ruwaito. Filini kuma ya ce shi ne ya tsayar da mikiya alamar runduna a shekara ta 104. Saboda nauyin kayan da sojojinsa ke ɗauka, har laƙabi aka yi musu da alfadaran Mariyus.

Amma masana na wannan zamani sun nuna cewa canjin ya ɗauki tsawon lokaci. Folibiyus ya ambaci babban rukunin nan da ake kira kohot a yaƙin Sifen na shekara ta 206, kusan shekara 50 kafin a haifi Mariyus. An riga an rage yawan dukiyar da ake bukata don shiga soja, kuma tun a shekara ta 123 aka yi dokar da ta ɗora wa hukuma tufatar da mayaƙa. Malaman ƙarni na 19 ne suka tattara waɗannan abubuwa duka suka rataya wa mutum guda. A 2018 wani masani Bafaranshe, François Cadiou, ya wallafa littafi yana musanta yawancin wannan ra'ayi.

A nan ne mai ƙera wasa ke shiga tsaka mai wuya. Mai wasa yana so ya ga ladan wahalarsa, canjin da ke tafiya sannu a hankali kuwa ba ya burge ido. Idan aka ce sai shekara ta 107, mai yiwuwa gwani ya cinye duniya kafin lokacin. Don haka aka ɗaura gyaran ga gina fada mafi girma a wani birni na Italiya, abin da kan sa ya zo tun ba a haifi mai sunan ba. Wasu masu sha'awar tarihi da ba su gamsu ba sun sake fasalin wasan da sunan Europa Barbarorum, suka raba gyaran mataki huɗu, daga zamanin Kamilus zuwa na Agustus. Wannan ya fi kusa da gaskiya, sai dai yana bukatar haƙuri.

Kuskuren shekara ƙaramin laifi ne. Babbar asara ita ce a nuna gyaran a matsayin samun sulke mai kyau kawai, a manta da tambayar da ta girgiza Rum: wa soja zai bi, hukuma ko jagoransa? A shekara ta 88 Sula ya juya rundunarsa ya afka wa birnin Rum, kuma Mariyus kansa ne ya gudu. Wasan da ya sa mai shi ya ji tsoron rundunar da ya gina da hannunsa ya koyar da tarihi, ko da ya ɓata lissafin shekaru.