"Minute": rubutu ɗaya, ma'ana uku, lafazi biyu

Da wuya a wuni a ma'aikatar gwamnatin tarayya ba a ci karo da kalmar "minute" ba. Da ita ake ƙayyade lokacin taro, ita ake nema a cikin fayil, tana kuma fitowa a jawabin da hadimi ya shirya wa ubangidansa.

Asalinta daga Latin ne, "minutus", wato ƙanƙane. Masana taurari sun gaji ƙidayar sittin-sittin daga mutanen Babila. Da suka raba digirin da'ira gida 60, daga baya kuma awa, sai suka kira kowane kaso "pars minuta prima", ƙaramin kaso na farko. Da aka sake raba shi gida 60, aka sami "secunda", na biyu. Can ne tushen minti da sakan na Hausa. Turanci ya karɓi kalmar a ƙarshen ƙarni na 14.

Ma'ana ta biyu ta ofis ce. A da, magatakarda kan tsara daftari da ƙanƙanin rubutu kafin a kwafe shi da manyan baƙaƙe. Sunan wannan daftarin ne ya koma kan rubutaccen bayanin taro, da gajeren sharhin da jami'i ke yi a fayil, al'adar da Najeriya ta gada daga Turawan mulkin mallaka. Gajarta ba ta rage masa nauyi ba: layi biyu daga alƙalamin babban sakatare na iya sakin kuɗin kwangila ko tsayar da ƙarin girma. Ranar da masu bincike suka zo kuwa, umarnin da ba a rubuta ba tamkar ba a bayar ba ne.

Waɗannan biyun duk "minit" ake furta su, da ƙarfi a gaɓar farko. Ta ukun siffa ce mai nufin mitsitsi, kamar a "minute details". Mutanen Ingila kan ce "mainyut", na Amurka "mainut", ƙarfin yana gaɓar ƙarshe. A nan masu karanta jawabi ke yawan tuntuɓe, don haka ya kamata hadimi ya sa wa kalmar alama kafin takarda ta isa hannun maigida.

Daga dangin wannan saiwa kalmar minista ta fito. Ma'anarta a Latin: ƙarami, mai yi wa wani hidima.