Ambulan Ɗin Da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya taɓa aika wasiƙa ta gidan waya ya san cewa kafin a kai ga abin da ke ciki, sai ma'aikata sun duba bayan ambulan, watau sunan mai wasiƙa da adireshinsa da kan sarki. To, haka al'amarin yake a intanet. Duk lokacin da ɗalibin Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ya buɗe wani shafi daga Yalwa, ko ɗan kasuwar Wunti ya sayar da kaya ta shafinsa, saƙo yakan tashi zuwa wata babbar kwamfuta, a samansa kuwa akwai waɗansu layuka da ba a nuna wa mutum. Waɗannan su ne kan saƙo.

Ƙa'idar aika irin wannan saƙo, wadda ake kira HTTP, Tim Berners-Lee ne ya tsara ta a cibiyar bincike ta CERN da ke Turai, aikin da ya faro cikin 1989. Da farko babu kan saƙo sam. Sai cikin 1996 aka shigar da shi a rubutacciyar ƙa'ida, sa'an nan cikin 1997 aka wajabta layin da ke faɗin sunan shafin da ake nufi, domin kwamfuta ɗaya tana iya ɗaukar shafuka da yawa.

Kowane layi suna ne da bayani. Wani yana faɗin irin manhajar da ta aiko saƙon, wani yana ɗauke da shaidar izinin shiga, wani kuma harshen da mai karatu ya fi so, inda haruffan "ha" suke nufin Hausa. A can ɓangaren mai karɓa akwai ɗan guntun shiri da ke tsaye kamar magatakarda a ƙofar fada. Shi ne yake karanta layukan, ya yanke shawarar inda saƙo zai nufa, ko kuwa ya mai da shi.

Amma fa a nan gizo ke saƙar. Mai aikawa ne yake rubuta bayan ambulan, saboda haka yana iya rubuta ƙarya. Mu ɗauki misalin kamfanin Paystack na Ikko, wanda aka kafa cikin 2015. In an biya ɗan kasuwa kuɗi, kamfanin yakan aiko wa kwamfutarsa sanarwa, tare da hatimi a kan saƙon, wanda aka lissafa daga abin da ke cikin saƙon da wani mabuɗin sirri da su biyu kaɗai suka sani. Wajibi ne magatakardan nan ya sake yin lissafin da kansa, ya gwada da hatimin da ya zo. In mai rubuta shirin ya yi sakaci da wannan, kowane mazambaci yana iya aiko da sanarwar jabu, a saki kaya alhali ko kwabo bai shigo ba. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

Manyan kamfanonin duniya ma ba su tsira ba. Cikin Disamba 2021 aka bayyana wa duniya wata ɓaraka a manhajar Log4j, wadda aikinta shi ne rubuta abin da ya wakana a kwamfuta. Maɓarnata sukan cusa umarni a layin da ya kamata ya faɗi sunan manhaja, da zarar an rubuta shi a rajista sai kwamfutar ta bi umarnin.

Saboda haka muna jan hankalin samarinmu da 'yan matanmu masu koyon wannan sana'a a Bauchi, ko a jami'a ko a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Gwallameji, su riƙe abubuwa uku. Na farko, layin da ake nema yana iya ƙin zuwa, don haka a tanadi abin da shiri zai yi in bai gan shi ba. Na biyu, a sunan layi babu bambanci tsakanin babban baƙi da ƙarami. Na uku, wanda ya fi su duka, kada a gaskata abin da baƙo ya rubuta da hannunsa sai an tabbatar. Dukiyar ɗan kasuwa da sirrin ɗalibi amana ce a hannun mai rubuta shirin, kuma rigakafi ya fi magani.