Soyayya, Tarihi da Addini a Ƙagaggun Labaran Kiristocin Amurka



Abin da zan yi magana a kansa yau wani reshe ne na ƙagaggun labarai wanda masu nazarin adabi suka daɗe suna yi wa kallon raini, alhali kuwa masu karanta shi, waɗanda galibinsu mata ne, ba kaɗan ba ne. Shi ne labarin soyayya wanda marubuci ke mayarwa cikin wani zamani da ya shuɗe, sa'an nan ya gina shi a kan koyarwar addinin Kirista. Gidansa na ainihi shi ne Amurka da Kanada. Mu nan mun san labarin da ya haɗa tarihi da addini, kamar Ganɗoki da Shaihu Umar, mun kuma san littattafan soyayya na Kano, amma waɗannan mutane sun zuba abubuwa ukun a tukunya ɗaya, har suka kafa masa kasuwa tasa.

Ga yadda abin ya faro. A shekarar 1972 Kathleen Woodiwiss ta fitar da The Flame and the Flower, labarin soyayya na zamanin da, wanda ya bayyana saduwar namiji da mace ba tare da sakaya zance ba. Littafin ya samu kasuwa ƙwarai, sai marubuta suka yi ta bin sawunsa. Matan da ke riƙe da addininsu suka shiga tsaka mai wuya: suna son labarin soyayya, ga shi kuma ba za su iya ajiye irin wannan littafi a ɗaki 'ya'yansu su gani ba. Wannan giɓi ne Janette Oke, wata mace 'yar lardin Alberta ta Kanada, ta cike a 1979 da littafinta Love Comes Softly, wanda kamfanin ɗab'i na Bethany da ke Minesota ya buga. Labarin wata yarinya ce, Marty, wadda mijinta ya rasu suna kan hanyar ƙaura zuwa yammacin Amurka a ƙarni na 19. Ba ta da kowa, hunturu kuma ya gabato, sai ta auri Clark Davis, manomi mai tsoron Allah wanda matarsa ta rasu ta bar masa 'yar ƙaramar yarinya. Aure ne na larura. So da imani duk daga baya suka zo.

To, me ya sa sai an koma zamanin da? A ganina amsar tana cikin labarin Marty ɗin nan. Labarin soyayya ba ya tafiya sai da shinge tsakanin masoya, kuma marubucin addini yana bukatar shingen da mai karatu ba zai ce ƙarya ba ne. In aka ce saurayi da budurwa a birnin Niyok na yau sun shekara ba su ko riƙa hannun juna ba, mai karatu zai yi murmushi. In kuwa aka mayar da su ƙauyen manoma a 1870, kunya da kamun kai sun zama ɗabi'ar zamanin, zuwa coci ran Lahadi ya zama al'adar gari, mutuwa da fari da cuta kuma suna kusa, ta yadda addu'a za ta fito daga bakin tauraro ba tare da ta yi kama da wa'azin da aka cusa ba. Wato tarihi yana yi wa marubuci rabin aikinsa.

Sauran rabin kuwa kamfanonin ɗab'i ne ke tsara shi. Littattafan nan a kantunan sayar da littattafan Kirista ake kasa su, mai kanti kuwa ba ya son abokin ciniki ya dawo masa da ƙorafi. Saboda haka aka gindaya sharuɗɗa: ba ashar, ba a kai mai karatu cikin ɗakin ma'aurata, kuma kafin labari ya ƙare dole masoyan biyu su zama masu imani. Lynn Neal, wadda ta yi hira da matan da ke karanta irin waɗannan littattafai a nazarinta Romancing God na 2006, ta nuna cewa suna ɗaukar karatun a matsayin hutu da kuma ƙarfafa imani a lokaci guda. Ƙarfin waɗannan sharuɗɗa ya fito fili a kan Redeeming Love na Francine Rivers. Ita da ma marubuciyar soyayya ce ta kasuwar kowa da kowa kafin ta rungumi addini sosai. Ta ɗauki ƙissar Hosiya da matarsa Gomer daga Tsohon Alkawari ta mayar da ita Kalifoniya, zamanin rububin haƙar zinariya wajen 1850. Kamfanin Bantam ya buga shi a 1991, amma da Multnomah, kamfanin Kirista, ya sake buga shi a 1997, sai da aka tace wasu wurare. A shekarar 1997 ɗin ne kuma Harlequin, babban kamfanin labaran soyayya, ya buɗe jerinsa na Love Inspired, alamar cewa 'yan kasuwa sun ga riba.

Yanzu na zo inda nake son ɗalibai su kasa kunne. Jigon waɗannan labarai shi ne tuba da gafara: babu zunubin da ya fi ƙarfin rahamar Allah. Wannan jigo ba shi da laifi matuƙar zunubin ƙagagge ne. Amma tarihi ba ƙagagge ba ne, yana da masu shi, kuma jikokinsu suna raye. A 2014 Bethany ta buga For Such a Time na Kate Breslin, wanda ya mayar da ƙissar Esta cikin sansanin Theresienstadt na 'yan Nazi: Bayahudiya ta kamu da son kwamandan sansanin, labarin kuma ya karkata da ita wajen addinin Kirista. Da littafin ya kai matakin ƙarshe na gasar ƙungiyar marubutan soyayya ta Amurka a 2015, Yahudawa da marubuta da dama suka yi ca a kansa. A 2021 ƙungiyar ta ba At Love's Command na Karen Witemeyer lambar yabo, littafin da ya buɗe da tauraronsa yana cikin sojojin da suka yi kisan Wounded Knee a Disambar 1890, inda aka hallaka 'yan ƙabilar Lakota fiye da 200, da yawansu mata da yara. Cikin 'yan kwanaki ƙungiyar ta janye lambar.

Masu kare littattafan sun ce ai ba su yabi kisan ba, sun nuna nadamar mai laifi ne. Gaskiya ne, amma ni dai ban gamsu ba. Tsarin labarin soyayya yana tilasta wa mai karatu ya tsaya a bayan tauraro, ya ji zafinsa, ya yi masa fatan aure. Waɗanda aka kashe kuwa sun zama dalilin da ya sa jarumi ba ya iya barci, daga nan ba a sake jin ɗuriyarsu. Editan da ya zauna yana farautar kalmar ashar shafi bayan shafi, wannan bai tsayar da shi ba, domin ba ya cikin jerin abubuwan da mai kanti ke tsoro.

Shi kansa mai kantin ma ƙarfinsa ya ragu. Kamfanin Family Christian ya rufe kantunansa kimanin 240 a 2017, LifeWay kuma ya sanar da rufe nasa kimanin 170 a 2019. Tun da Amazon ya fito da Kindle a 2007, marubuciya tana iya buga littafinta da kanta, ta biya mai gyaran rubutu da mai zanen bango daga aljihunta, ta yi ta aika wa masu karatunta wasiƙu tana shaida musu inda aiki ya kwana da ranar da sabon littafi zai fito. Binciken tarihin ma ita kaɗai ke yin sa, ita ke yanke abin da za ta ɗauka daga 1890 da abin da za ta bari, kuma sau da yawa ba wanda zai duba mata kafin littafin ya isa hannun masu saye.