Masu Bin Sawun Falsa

Idan babban tauraro ya fashe, yakan bar tarkace mai bazuwa a sarari da kuma ƙwaya mai suna falsa. Faɗinta kimanin kilomita 20 ne, amma ta fi rana nauyi, tana juyi tana watso igiyar rediyo. Jocelyn Bell ce ta fara gano ta a Kambirij a 1967. Fashewar takan harba falsa da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa, shi ya sa wasu masana taurari suka ɗauki bin sawunta sana'a, don a san daga wane tarkace ta fito.

Jarin wannan aiki lokaci ne. Mai bincike zai rubuta takardar neman awoyi a na'urar kama igiyar rediyo irin VLA da ke Niyu Meziko a Amurka, mai faranti 27, kowanne faɗin mita 25. Masu nema da yawa, awoyi kaɗan, kwamiti ne ke raba su. In ya dace, sai ya auna mazaunin falsa, ya kafa shaida da wasu fitilun sama masu nisan gaske waɗanda ba a ganin motsinsu. Daga nan sai jira, wani lokaci shekara biyar ko fiye, kafin awo na biyu.

Abin da ake nema ƙanƙani ne. Falsar Kaguwa, wadda masanan Sin suka rubuta fashewar da ta haife ta a 1054, tafiyarta ta shekara kamar kaurin gashi ɗaya ne da aka hango daga kilomita guda. Iskar sama tana karkata igiyar, wayoyin hannu suna cusa hayaniya, dole a tace su duka. Sannan a ja layi baya, a ga ko ya faɗa tsakiyar tarkacen.

Ba kullum yake faɗawa yadda ake so ba. Bryan Gaensler da Dale Frail sun auna falsar da ake wa laƙabi da Agwagwa, suka tarar ba ta kai saurin da ake zato ba. Ana ba ta shekara 16,000, amma awo ya nuna in daga tarkacen kusa da ita ta fito, ta haura 39,000. Suka buga haka a mujallar Nature a 2000.

Kasuwar sana'ar ke nan: takarda a mujalla, albashin jami'a, tallafin da ake sake nema. Matasanta kan yi shekaru a kan kwantiragi gajere, daga wannan ƙasa zuwa waccan. Wani ma awon farko kawai zai yi, ya ajiye shi a rumbun bayanai da tsabta, ɗalibinsa ya zo ya yi na biyu.