Munduwa da 'Yan Kunne Ba Ƙawa Ce Kawai Ba

Magidanta da yawa, har da wasu masu wa'azi, sun yarda cewa kayan adon ƙarfe da mata suke so, zinariya ne ko azurfa ko tagulla, ƙawa ce kawai, kuɗi ne ake binnewa a wuya da hannu. Masu wannan magana ba su rasa hujja ba. Sun ga yadda gasar lefe take jefa samari cikin bashi, sun ga aure ya lalace saboda sarƙar da ke cikin akwati ba ta kai nauyin ta 'yar maƙwabta ba. Ina tare da su a kan wannan ɓarna. Inda muka rabu shi ne da suka ɗauki laifin gasa suka ɗora wa ƙarfen da kansa.

A ƙasashenmu ƙarfen ado da kuɗi sun daɗe suna tafiya tare. A shekarar 1353 Ibn Battuta ya sauka a Takedda, garin da masana da yawa suke ganin shi ne Azelik a Jamhuriyar Nijar ta yau. Ya tarar ana narka jan ƙarfe ana zuba shi sanda-sanda. Da sirara ake sayen nama da itace, da masu kauri ake sayen gero da man shanu, kuma ayari yana kai shi Gobir da Borno. Wannan ƙarfen ne maƙera suke lanƙwasawa ya zama munduwa. Matar da ta sa shi a ƙafa dukiyarta take ɗauke da ita, ta yadda ko hari ya tashi tsakar dare ba sai ta tsaya tono a ƙarƙashin gado ba. A kudu maso gabashin Najeriya kuwa, zoben tagullar nan mai siffar awarwaro da ake kira manila ya yi ƙarnuka yana aikin kuɗi. Tarihinsa yana da ɗaci, domin Turawa sun ƙera shi da yawa a Birmingham sun sayi bayi da manja da shi. Sai a 1948 zuwa 1949 gwamnatin mulkin mallaka ta janye shi daga kasuwa, ta tattara fiye da miliyan 32.

Akwai shaida a gida ma. A Durɓi ta Kusheyi, kusa da Mani a jihar Katsina, akwai tsofaffin kaburbura da ake dangantawa da sarakunan Durɓawa. Da aka tona uku daga cikinsu a 1992, an samu 'yan kunne da zobe da abin wuya na zinariya, da mundaye masu nauyi, da wuri, da tasar tagulla da ta ƙetaro Sahara daga ƙasashen Larabawa. Kayan sun haura shekara 500. Mutanen da suka binne mamacinsu da irin wannan dukiya matsayinsa suke bayyanawa, da nisan inda hannun gidansu yake kaiwa.

Abin da ya fi damuna a wannan zargi shi ne yadda yake mantawa da wace ce mai kayan. Gona a hannun maza take, shanu ma sau da yawa namiji ne yake kora su kasuwa. Amma abin da ke kunnen mace nata ne, shari'a ta tabbatar mata, miji ba shi da ikon taɓawa sai da yardarta. Ku dubi manyan 'yan kunnen zinariya na matan Fulani a Mopti da Jenne a ƙasar Mali, waɗanda ake bugawa su yi fiffike huɗu, a naɗe mariƙinsu da jan zare don kada su yanka kunne. Mace tana samunsu ne daga miji lokacin aure, ko ta gada daga uwarta, kuma duk wanda ya gan su a kasuwa ya san irin gidan da ta fito. Addini bai raina wannan ba. Ya halatta wa mata zinariya, ya haramta wa maza, ya bar musu zoben azurfa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne na zinariya, kuma kayan adon da mace take sawa ba a fitar musu da zakka.

Wanda yake ganin wannan tsohon labari ne, ya je layin masu sayar da gwal a Kano ko Zinder ko Kumasi ya zauna. Zai ga mace ta kwance ƙullin gyale ta ajiye zobe a kan sikeli saboda za a yi wa ɗanta aiki a asibiti, ko kuɗin makaranta ya taso, ko jarin maigida ya karye. Sau nawa mutumin da ya yi faɗa ranar da aka sayi sarƙa, ita ce ta fitar da shi kunya bayan shekaru? A farkon 2023 farashin dala a hukumance bai kai naira 500 ba, a farkon 2024 ya wuce 1,400. Wadda ta ajiye takardun naira ta wayi gari da abin da bai kai rabin ƙarfinsa na da ba, wadda ta ajiye gwal kuwa ba ta yi wannan kukan ba. Gaskiya ne ana asarar kuɗin aiki idan an zo sayarwa, kuma ɓarawo yana son gwal kamar yadda mai shi yake so. Duk da haka, ga matar ƙauye da banki ya yi wa nisa, ban san wata ajiya da ta fi wannan sauƙin ɗauka da sauƙin sayarwa ba.

Almubazzaranci na gaske yana wani wuri. Yana cikin sarƙoƙin nan masu ruwan gwal da ake shigowa da su buhu-buhu, a saya don biki ɗaya, su koɗe kafin salla, ba wanda zai karɓe su ko da jingina. Su ne suka janye ciniki daga maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, irin na Kasuwar Kurmi da Agadas da Bida, waɗanda suke siffanta abu da kakin zuma, su lulluɓe shi da yumɓu, su narkar da kakin, su zuba ƙarfe a gurbinsa. Kuma saboda an gaya wa 'yan mata cewa mundayen kakanninsu ƙauyanci ne, yanzu 'yan gwangwan suna sayen su a kan kilo, a haɗa su da tsohuwar wayar lantarki a kai wurin narkawa. Duk wadda take da irin waɗannan a ƙasan adaka, ta kai wa maƙerin fari ya wanke mata ya gaya mata ko aikin wane gari ne, kafin mai sikeli ya zo ƙofar gida.