Aikin Gida: Maganin Mantuwa

Ɗalibai da yawa suna ɗaukar aikin gida tamkar horo ne daga malami. Binciken kimiyya kuwa ya nuna amfaninsa. A shekarar 1885, wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya bayyana cewa mantuwa ta fi sauri cikin sa'o'in farko bayan koyo, amma maimaitawa lokaci-lokaci tana rage ta. Wannan ita ce hikimar tilawar da almajiran makarantun allo na Zango da Daura suka daɗe suna yi da dare da asuba.

A 2006, Harris Cooper na Jami'ar Duke a Amurka ya tattara bincike da dama, inda ya nuna cewa aikin gida ya fi amfanar 'yan sakandare bisa 'yan firamare.

Don haka, ya kyautu malami ya ba da aiki daidai kima, ya duba shi, ya kuma tuna cewa da damina yara suna taya iyayensu noma. Kai kuma ɗalibi, kwafar aikin aboki ba ta motsa ƙwaƙwalwa. Ranar jarrabawar WAEC ko NECO, abin da ka maimaita da kanka shi ne zai cece ka.